Bashin Dala 50 da Sunan Shaiɗan: Fashin Baƙi kan Finafinan Kisan Northport

A ranar 5 ga Yulin 1984, 'yan sandan gundumar Suffolk da ke jihar New York ta Amurka suka kama wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Ricky Kasso bisa zargin kashe abokinsa a garin Northport, kuma masu ɗaukar hoto suka samu fiye da abin da suka zo nema: gashi a hargitse, idanu a zazzare, wani irin murmushi na wanda bai damu da inda ake kai shi ba, ga kuma riga a jikinsa mai ɗauke da sunan ƙungiyar mawaƙan nan ta AC/DC. Kwana biyu bayan nan aka tarar ya rataye kansa a ɗakin da ake tsare da shi. Da yake ba a kai ga yi masa shari'a ba, babu wata kotu da ta zauna ta tace abin da ya aikata daga abin da aka ƙaga masa, saboda haka wannan hoton ne ya zama shaidar da jama'a suka riƙe, kuma daga jikinsa ne marubuta da masu shirya fim suka yi ta yankar labari har tsawon shekaru. Jim Van Bebber ya yi gajeren fim mai suna My Sweet Satan a 1994, Matthew Carnahan ya fitar da Black Circle Boys a 1997, sannan Peter Filardi ya rubuta kuma ya ba da umarnin Ricky 6 a shekarar 2000. Dukkansu abubuwa uku suke jujjuyawa, wato matashin da ya zama saniyar ware, da miyagun ƙwayoyi, da tsafi, kuma tambayar da ta dace mai kallo ya yi wa kowannensu ita ce wanne daga cikin ukun ya ɗora wa nauyin gawar.

Ba za a iya auna finafinan ba sai an san abin da ya faru. Northport ƙaramin gari ne a gaɓar arewa ta tsibirin Long Island, mutanensa ba su kai 8,000 ba a wancan lokaci, kuma gari ne na masu rufin asiri, mai tashar ƙananan jiragen ruwa da wurin shaƙatawa a bakin teku. Kasso ba ɗan talakawa ba ne, kuma ba maraya ba ne. Mahaifinsa malamin tarihi ne kuma kocin ƙwallo a wata makarantar sakandare ta yankin. Amma tun yana farkon balaga ya faɗa cikin shaye-shaye, zama tsakaninsa da iyayensa ya ƙi daɗi, aka riƙa korar sa daga gida, har ya saba da kwana a daji ko a cikin motocin mutane ko a gidajen abokai. Yana shan tabar wiwi da ƙwayoyin maye masu jirkita hankali da ake kira LSD da PCP, yana kuma sayarwa, har sa'o'insa suka laƙaba masa sarautar LSD. An taɓa kama shi da laifin tona wani tsohon kabari. Ba da daɗewa ba kafin kisan, ciwon huhu ya kwantar da shi a asibiti, iyayensa suka roƙi a tsare shi a sashen masu taɓin hankali ko da bai yarda ba, amma likitocin da suka duba shi suka ce duk da halayensa na rashin jituwa da mutane, hankalinsa bai gushe ba, kuma ba su ga alamar zai cutar da wani ba. Aka sallame shi.

Wanda aka kashe, Gary Lauwers, shi ma shekararsa 17, kuma cikin taron yaran nan yake. Asalin rigimar ba ta da wani asiri a cikinta. A wani wurin shagali Kasso ya bugu har ya fita hayyacinsa, Lauwers ya zare ƙulli 10 na PCP daga aljihun rigarsa. Da magana ta fito, ya mayar da biyar, ya yi alkawarin biyan dala 50 a madadin sauran biyar ɗin, kuma a kan wannan bashi Kasso ya yi masa duka fiye da sau ɗaya. Wani dare wajen tsakiyar watan Yuni, su huɗu suka shiga dajin da ake kira Aztakea a gefen garin, suka sha ƙwaya, suka nemi hura wuta amma itacen ya jiƙe, sai Lauwers ya ba da safarsa da hannayen rigarsa aka yi makamashi da su. Wannan ɗan bayanin na safa ya fi duk wani zanen tsafi ban tausayi, domin yana nuna yaron da yake ganin rigima ta wuce, har yana ba da tufafinsa don abokansa su ji ɗumi. A gefen wannan wutar Kasso ya far masa, ya caccaka masa wuƙa sau da dama, kuma shaidu sun ce yana yi yana umartar sa da ya furta cewa yana ƙaunar Shaiɗan. Daga baya Kasso ya riƙa faɗa wa mutane cewa ya ji kukan wani baƙin hankaka bayan kisan, kuma ya ɗauki kukan a matsayin alamar cewa Shaiɗan ya karɓa.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da ya fi ɗaure kai, kuma shi ne wanda kanun jaridu suka fi saurin tsallakewa. Kimanin mako biyu gawar ta yi a daji a ƙarƙashin ganyaye da rassa, kuma a cikin wannan lokaci Kasso yana alfahari da abin da ya yi, yana jan matasan da ba su gaskata shi ba zuwa wurin don su gani da idonsu. Suka gani, suka koma gidajensu, suka ci abinci tare da iyayensu, babu wanda ya ce uffan. Sai a farkon watan Yuli wani ya tsegunta wa 'yan sanda ba tare da ya bayyana sunansa ba, aka shiga dajin da karnuka, aka gano gawar a ranar 4 ga wata, ranar da Amurka take bikin samun 'yancin kai. Waɗannan yaran da suka yi gum da bakinsu ba masu bautar Shaiɗan ba ne, kuma babu wanda ya rantsar da su a wata ƙungiyar asiri. Tsoro ya hana wasu magana, wasu kuma sun tashi ne a cikin wata duniya ta matasa inda kai ƙara wurin manya shi ne babban abin kunya, kuma inda babu babban da suke ganin ya cancanci a gaya masa.

Labarin ya faɗo ne a daidai lokacin da Amurka take neman irinsa. A 1980 aka buga littafin Michelle Remembers, wanda wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Lawrence Pazder, ya rubuta tare da majinyaciyarsa, inda aka yi iƙirarin cewa ta tuno da azabar da matsafa suka gana mata tun tana ƙarama, iƙirarin da masu bincike suka kasa samun abin da zai tabbatar da shi. A 1983 aka fara zargin ma'aikatan makarantar renon yara ta McMartin da ke Kalifoniya da cin zarafin yara ta hanyar tsafi, shari'ar da ta ja har 1990 ba tare da an samu kowa da laifi ba. A 1985 Tipper Gore da wasu matan manyan 'yan siyasa suka kafa ƙungiyar sa ido kan kalaman waƙoƙi, har majalisar dattawa ta yi zaman sauraron bahasi a kai, sannan a 1988 Geraldo Rivera ya gabatar da wani dogon shirin talabijin kan bautar Shaiɗan wanda miliyoyin mutane suka kalla. A cikin wannan yanayi, yaron da ya kashe abokinsa yana kiran sunan Shaiɗan, aka kuma kama shi sanye da rigar mawaƙan kiɗan rok mai ƙarar jita da ganga, ya zama tamkar amsar da aka daɗe ana jira. Akwai wani rukunin samari a garin da ake kira Knights of the Black Circle, waɗanda harkarsu ba ta wuce zaman banza da wiwi ba, amma cikin 'yan kwanaki jaridu suka mayar da su ƙungiyar matsafa mai shugabanni da mabiya. David Breskin, wanda ya je garin ya zauna da yaran ya rubuta wa mujallar Rolling Stone rahoto a ƙarshen 1984, ya bar su sun yi magana da bakinsu, kuma abin da ya fito daga bakin nasu ya fi karkata ga ƙwaya da gundura da gidajen da suka watse. Littafin da ya fi yaɗuwa kuwa shi ne na David St. Clair, wanda ya fito a 1987 da kalaman da Kasso ya furta a daji a matsayin sunansa, ya kuma sha gishiri sosai, kuma a kansa ne aka gina Ricky 6.

A nan ne matsalar mai shirya fim take farawa, kuma ya kamata a yi masa adalci, domin matsalar ta sana'a ce kafin ta zama ta ɗabi'a. Kyamara tana son abin da ido zai kama. Tsafi yana da kayan aiki a shirye: kyandir, wuta a tsakar daji, maƙabarta da dare, tauraro mai kusurwa biyar da aka zana a bango, baƙaƙen tufafi, kiɗa mai razanarwa. Maye ma yana da nasa, domin za a iya karkata hoto, a jirkita launi, a ja sauti har mai kallo ya ji kansa yana juyawa. Kaɗaici kuwa ba shi da kama. Yaron da ya kwana uku bai koma gida ba kuma babu wanda ya fita nemansa, uban da ya daina ɗaga ido idan ɗansa ya shigo, yinin da ya wuce a bakin wata rumfa ba tare da komai ya faru ba, duk waɗannan abubuwa ne masu cinye minti ba tare da sun ba da abin da za a sa a tallar fim ba. Sakamakon haka shi ne nauyin abubuwan uku yakan juye a kan allo: abin da ya fi ƙaranci a cikin dalilan kisan shi ne yake cika ido, abin da ya fi yawa kuma ya koma 'yan daƙiƙoƙi na uwa tana kuka a kicin.

Ƙwayar da take tsakiyar rigimar ta cancanci a tsaya a kanta, domin finafinai sukan haɗa dukkan kayan maye su yi musu kuɗin goro. Kamfanin magunguna na Parke-Davis ne ya samar da PCP a shekarun 1950 a matsayin maganin kashe zafi lokacin tiyata, amma aka daina amfani da shi a jikin mutane a tsakiyar shekarun 1960 saboda marasa lafiya suna farfaɗowa cikin ruɗewa da firgici da gane-gane, aka bar wa likitocin dabbobi na wani lokaci kafin a hana gaba ɗaya. Aikinsa shi ne toshe wasu hanyoyin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke isar wa juna saƙo, har mutum ya ji kamar ya rabu da gangar jikinsa, zafi ya ragu, tunani ya tsinke, wani lokaci kuma zargi da fushi su taso ba gaira ba dalili. LSD kuwa, wanda Albert Hofmann ya haɗa a ɗakin binciken kamfanin Sandoz a birnin Basel a 1938 kuma ya gano tasirinsa a 1943, yana jirkita gani da ji, yana kuma sa mutum ya ga ma'ana mai girma a cikin abin da ba shi da ita. Duk wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin hankakan Kasso ba. Tsuntsu ya yi kuka a daji da dare, abin da tsuntsaye suke yi kullum, sai ƙwaƙwalwar da ta jiƙu da LSD kuma aka riga aka cika ta da karance-karancen tsafi ta fassara kukan a matsayin saƙo. Darakta yana da zaɓi biyu a wannan gaɓa: ko ya nuna tsuntsun daga nesa yadda mai kallo zai gane cewa tsuntsu ne kawai, ko kuma ya kusanto da kyamara ga idonsa, ya ɗora kiɗa, ya bar mai kallo ya ji abin da yaron ya ji. Zaɓi na biyu ya fi armashi, amma da shi ne fim yake zamewa daga nuna ruɗin yaro zuwa gaskata shi.

Akwai kuma wata fuskar ƙwaya da ba ta shafi ƙwaƙwalwa ba, wato ciniki. Yaron da ba shi da gida, ba shi da makaranta, ba shi da aiki, abin da ya rage masa a idon sa'o'insa shi ne sunan da ya yi a matsayin wanda ake zuwa wurinsa a saya kuma ba a isa a taɓa kayansa ba. Satar ƙulli 10 daga aljihunsa yana kwance a buge, a gaban mutane, ta taɓa wannan abu guda da yake taƙama da shi. A kasuwar da ba a kai ƙara kotu, duka ne hanyar karɓar bashi, kuma dukan da ba a tsawata ba yakan yi ta ƙaruwa. Wannan bayanin ba shi da ban tsoro kamar na matsafa, amma shi ne ya fi dacewa da jerin abubuwan da suka faru, tun daga satar har zuwa dare na ƙarshe, kuma fim ɗin da ya yi wa bashin dala 50 riƙon sakainar kashi ya riga ya saki zaren labarin.

Wannan ba ya nufin tsafin ba shi da wani matsayi. Kasso ya yi sha'awar abin da gaske, ya karanta littattafai a kai, ya yi ta ambaton Shaiɗan, kuma ba za a iya goge kalaman da ya furta a kan gawar ba. Abin da ake jayayya a kai shi ne irin aikin da tsafin ya yi masa. A garin da yawancin mutane Kiristoci ne masu zuwa coci, babu wata alama da za ta fi tayar wa manya hankali kamar sunan Shaiɗan, don haka yaron da yake son ya rama wariyar da aka yi masa yana samun makami mai arha a cikinsa. Wanda aka yi banza da shi jiya, yau ana tsallaka titi idan an hango shi, kuma ga wanda ya rasa ƙauna, tsoron da ake yi masa yakan zame masa madadinta. Anton LaVey, wanda ya kafa Cocin Shaiɗan a San Francisco a 1966 kuma ya buga littafinsa a 1969, shi kansa bai yi imani da Shaiɗan a matsayin wata halitta ba, ya ɗauke shi ne a matsayin alamar son kai da bijirewa, amma matashin da ya tsinci littafin a kantin sayar da littattafai ba falsafar yake nema ba, bangon littafin ya ishe shi. Kenneth Lanning, jami'in hukumar FBI da ya shafe shekaru yana bin irin waɗannan zarge-zarge, ya fitar da rahoto a 1992 inda ya ce bai samu hujjar da ke tabbatar da wata shiryayyiyar ƙungiyar matsafa da take kashe mutane yadda ake yaɗawa ba, kuma ya ja hankalin masu bincike da su bambanta tsakanin laifin da akida ta haifar da laifin da mai shi ya yafa wa rigar akida.

Black Circle Boys ya bi wata hanya da ta zama ruwan dare a irin waɗannan finafinai. Jarumin labarin haziƙin ɗan wasan ninƙaya ne wanda mutuwar amininsa ta karya masa zuciya, ya koma sabon wuri, ya faɗa hannun wani saurayi mai kwarjini da yake jagorantar rukunin masu shaye-shaye da bautar Shaiɗan. Wannan gini yana da amfani ga mai kallo, domin yana ba shi wanda zai bi a baya ya shiga duhun kuma ya fito tare da shi. Illarsa ita ce yana raba yaran gida biyu, ɗan kirki da aka yaudara da kuma mugu mai yaudara, alhali a Northport babu wannan iyaka. Wanda ya yi kisan da wanda aka kashe da waɗanda suka tsaya kallo duk daga rumfa ɗaya suka taso, ƙwaya ɗaya suke sha, kuma kowannensu yana da tasa matsalar a gida. Da zarar an ƙirƙiro shugaba mai jan mabiya, an riga an karɓi fassarar jaridun 1984, an kuma ba iyaye damar su ce laifin na ɗan wani ne da ya lalata musu nasu.

Ricky 6 ya fi kusa da ainihin labarin, duk da cewa an sauya sunayen mutane da na garin. Filardi ba baƙo ba ne a wannan fage, domin shi ne ya rubuta Flatliners na 1990, kuma yana cikin marubutan The Craft na 1996, wanda shi ma labarin 'yan makarantar da aka ware ne da suka nemi ƙarfi a wurin sihiri. Vincent Kartheiser ne ya fito a matsayin Ricky, kuma fim ɗin ya samu karɓuwa a bikin finafinai na Fantasia da ake yi a Montreal, amma bai samu fita kasuwa yadda aka saba ba, sai dai kwafe-kwafen bayan fage da suka riƙa yawo a hannun masu sha'awa. Tsayawa kusa da mai kisan yana ba da damar a ga yadda yaro yake zamewa mataki-mataki, wanda shi ne abin da labarin yake buƙata, amma yana da farashinsa. Duk fim ɗin da ya sa sunan mai kisa a kansa, ya kuma ba shi fuskar kyakkyawan ɗan wasa, yana ƙara wa sarautar da yaron ya naɗa wa kansa tsawon rai, yayin da wanda aka kashe yake komawa ɗan rakiya a labarin mutuwarsa. Ko lambar 6 da ke cikin sunan fim ɗin tana nuni ne ga 666, lambar da ake dangantawa da Shaiɗan daga littafin Ru'ya ta Yohanna na cikin Baibul, wato tun daga bango an riga an faɗa wa mai kallo ta wace ƙofa zai shiga.

A ganina, fim ɗin da ya fi kama zuciyar abin da ya faru a Northport ba a kan Northport aka yi shi ba, kuma babu tsafi a cikinsa ko kaɗan. River's Edge, wanda Neal Jimenez ya rubuta kuma Tim Hunter ya ba da umarni a 1986, ya samo tushe ne daga kisan wata yarinya 'yar shekara 14 a garin Milpitas na Kalifoniya a watan Nuwamban 1981, inda wanda ya kashe ta, ɗan shekara 16, ya riƙa kai 'yan makarantarsu suna kallon gawar, aka kuma kwana biyu babu wanda ya kai rahoto. A fim ɗin, gawar tana kwance a bakin kogi da rana tsaka, yaran suna tsaye a kanta sun rasa abin da ya kamata su ji, ɗaya daga cikinsu, wanda Crispin Glover ya taka, ya mayar da rufa wa mai kisan asiri wani aikin jarumtaka da amana, ɗayan kuma, wanda Keanu Reeves ya taka, yana ta kai-kawo da zuciyarsa kafin ya je wurin 'yan sanda. Akwai wiwi, akwai giya, akwai kiɗa mai ƙara, akwai gidajen da manya suke ciki amma kamar ba sa nan. Da yake babu Shaiɗan da za a jingina wa laifin, mai kallo ba shi da wurin fakewa, dole ya tsaya ya kalli shirun nan ido da ido. Kasancewar abu iri ɗaya ya faru a gaɓar yamma a 1981 da gaɓar gabas a 1984, ɗaya da tsafi ɗaya babu, ya isa ya nuna cewa ba a wurin tsafin gizo yake saƙar ba.

Shirun yana da tushe a yadda aka gina rayuwar waɗannan unguwanni. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, iyalai masu matsakaicin hali suka yi ta ƙaura daga birane zuwa sababbin unguwannin bayan gari, kuma Levittown da aka fara ginawa a 1947 a kan wannan tsibiri na Long Island ita ce ta zama abin koyi. An tsara wuraren ne don ƙananan yara da kuma manya masu mota, shi kuwa ɗan shekara 15 ba shi da gurbi a ciki, sai wurin ajiye motoci da bakin teku da daji. A ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 mutuwar aure a Amurka ta kai ƙololuwarta, iyaye biyu suna fita aiki, yara da yawa suna dawowa daga makaranta su buɗe gida da mabuɗinsu su tarar babu kowa. Amsar da hukumomi suka bayar ita ce kamfen ɗin Nancy Reagan, matar shugaban Amurka na lokacin, na koya wa yara su ce a'a kawai idan an miƙo musu ƙwaya, da kuma shirin da aka fara a Los Angeles a 1983 na tura 'yan sanda azuzuwa su yi wa ɗalibai huɗuba. Ga yaron da yake kwana a cikin motar wani, wannan nasiha ta zo a makare. Iyayen Kasso ma ba za a ce sun yi kunnen uwar shegu ba, tun da sun nemi a tsare shi aka ƙi, kuma wannan ganawa tsakanin iyayen da suka gaji da likitocin da doka ta ɗaure wa hannu tana ɗauke da wasan kwaikwayo fiye da duk wani taron dare a maƙabarta, sai dai ba kasafai ake ba ta lokacin da ta cancanta a kan allo ba.

Wani zai iya cewa fim nishaɗi ne, kuma babu laifi idan ya ƙara gishiri. Abin da ya faru a West Memphis ta jihar Arkansas yana nuna inda gishirin yake ƙarewa. A watan Mayun 1993 aka kashe yara uku 'yan shekara takwas, kuma cikin wata guda aka kama matasa uku, Damien Echols da Jason Baldwin da Jessie Misskelley. Masu gabatar da ƙara sun ce kisan na tsafi ne, kuma cikin abubuwan da aka gabatar don gamsar da masu taya alƙali yanke hukunci har da baƙaƙen tufafin Echols da irin kiɗan da yake saurare da littattafan da yake karantawa. A 1994 aka yanke masa hukuncin kisa, sauran biyun kuma ɗaurin rai da rai. Fim ɗin gaskiya mai suna Paradise Lost, wanda ya fito a 1996, shi ne ya jawo hankalin duniya ga raunin hujjojin, amma sai a watan Agustan 2011 aka sake su, bayan sun shafe shekara 18 a tsare, ta wata yarjejeniya da ta ba su damar ci gaba da cewa ba su aikata ba alhali a takarda an rubuta sun amsa laifi. Siffar matashi mai baƙar riga da ya sayar da ransa, wadda hoton Kasso ya taimaka wajen kafawa a zukatan jama'a, ta riga ta zama abin da ake iya gabatarwa a kotu a madadin shaida.

A Northport kuwa, shari'a ɗaya ce aka yi, ta saurayin da aka zarga da taimaka wa Kasso a daren. Ya sa hannu a takardar amsa laifi, daga baya ya janye. Yaro na huɗu da yake wurin, wanda shi ne babban shaidar masu gabatar da ƙara, ya fara cewa wanda ake tuhuma ya taimaka, amma da ya tsaya a gaban kotu sai ya musanta, kuma da yake shi ma a buge yake a lokacin da abin ya faru, aka kasa dogara da abin da ya ce ya gani. A watan Afrilun 1985 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke wanda ake tuhuma daga laifin kisa. Daga cikin mutum huɗu da suka zauna a gefen wutar da aka hura da safar Gary Lauwers, biyu sun mutu kafin su cika shekara 18, sauran biyun kuma ƙwayar da suka sha a daren ta sa kotu ba ta iya gina hukunci a kan maganar ko ɗaya daga cikinsu ba.